Asibitin idon da muke kai Auta a Katsina: abin da na yaba, abin da ya ɓata mani rai, da dalilin rufe ido mai lafiya

In dai tambayar ita ce a kai yaro wannan ɗan asibitin idon ko kar a kai, ni amsata a kai shi, kuma a kai shi da wuri, amma a tafi da haƙuri da ruwan sha da ɗan abin taɓawa na yaro don zaman jiran ba na wasa ba ne. Asibitin kuɗi ne ƙarami nan cikin garin Katsina, ɗakin likita ɗaya, ɗakin awo ɗaya, sai shagon tabarau daga gaba inda ake yanka gilashi. Ba zan kama suna ba saboda akwai abubuwan da zan kushe kuma bana son a ce na taɓa ma wani abincinsa, abin da nake so iyaye su riƙe shi ne irin aikin da ya kamata a yi ma yaro duk inda aka kai shi, ko nan ne ko asibitin ido na gwamnati ko Kano ko Kaduna.

Autata tana da shekara 4 da 'yan watanni muka fara zuwa. Idonta na hagu yana ɗan shigewa ta wajen hanci, ba kullum ba, sai in ta gaji ko ta ƙura ma abu ido kusa-kusa, a hotunan sallah ma abin ya fi fitowa. Hajiya, mahaifiyar babansu, ta ce harara-garke ne na gado akwai shi a danginsu, a bar yarinya in ta girma zai daidaita. Wannan maganar kowa ke yinta a garin nan kuma da zuciya ɗaya ake yinta, amma wlh ita ce ke cinye ma yara ido ana zaune ana kallo.

Abu na farko da ya burge ni shi ne awon. Ba su kawo mata allon haruffa ba tunda ba ta iya karatu ba, allon hotuna suka kawo, ɗan gida da tuffa da da'ira da akwati, sista ta ba ta wani kwali mai irin hotunan a hannu ta ce "'yar gidana duk wanda na nuna maki can ki taɓa mani ɗan'uwansa a nan". Da aka rufe hagu ta yi aiki da dama, tsaf ta sauko har layin ƙasa tana dariya tana jin ta ci gasa. Ana rufe dama sai fuskarta ta canza, ta taɓa babban gidan na sama, layi na gaba ta fara lalube, sai ta sa hannu tana ture abin rufewar tana cewa "Mama cire, ban gani". Nan jikina ya yi sanyi, yarinyar da ke guje-guje a tsakar gida tana tsintar allura in ta faɗi, ashe da ido ɗaya take rayuwa kuma babu ta yadda za a yi ta faɗa don ita a wurinta haka duniya take.

Daga nan aka ɗiga mata magani mai buɗa baƙin ido ya kuma saki tsokar da ke daidaita gani, aka ce mu jira kamar minti 40. Dan Allah iyaye ku riƙe wannan, duk inda aka auna ma ƙaramin yaro tabarau ba a ɗiga mashi wannan maganin ba to awon bai cika ba, saboda tsokar idon yaro tana da ƙarfi tana iya matsewa ta ɓoye matsalar, na'ura ta ba da lamba ta ƙarya. Maganin yana da ɗan zafi in ya shiga, kuma ranar haske zai dame shi ganinsa na kusa ya yi dishi-dishi har wajen washegari, sun faɗa mana tun kafin su ɗiga, na ji daɗin haka. Likita ya kashe fitila ya haska wani ɗan toci cikin idon yana canza gilasai ɗaya bayan ɗaya, sannan ya leƙa can bayan idon. Da ya gama ya ce "Malama, idon nan lafiyarsa lau, babu yana babu hakiya, jijiyarsa garau", sai ya kai hannu ya dafa ƙeyarsa ya ce "matsalar tana nan". Idon hagu ya fi na dama buƙatar gilashi nesa ba kusa ba, tun tana jaririya hoto mai hazo yake aikawa na dama yana aika nasa tas, sai ƙwaƙwalwa ta kama na dama ta daina sauraron na hagu. Sunan abin ambiliyopiya, kuma ba baƙon abu ba ne, cikin yara 100 ana samun kamar 2 zuwa 3 da shi.

Ni bayoloji nake koyarwa a sakandare don haka da ya ga ina ta tambaya ya gyara zama ya yi mani bayani duk da layin da ke waje, na koma gida kuma na bi abin da karatu, kuma wannan bayanin shi ne babban abin da na biya kuɗi na samu a asibitin nan, ya fi tabarau ɗin, don in uwa ba ta gane dalili ba ba za ta jure kukan yaro wata da watanni ba.

Jariri ba a haifarsa da cikakken gani. Ido yana nan da kayansa amma mahaɗun jijiyoyin da ke can ƙeya, inda ake fassara abin da ido ya gani, ba su gama zama ba, kuma abin da yaron ke gani ne yake yanke wace mahaɗa za ta yi ƙarfi wace za ta lalace. Waɗanda suka fara nuna haka ƙarara su ne David Hubel da Torsten Wiesel a jami'ar Harvard ta Amurka. A 1963 suka ɗinke fatar ido ɗaya ta 'ya'yan kyanwa tun suna jarirai, bayan wata 2 zuwa 3 suka buɗe, idon lafiya lau yake amma da suka auna ƙwayoyin jijiyar ɓangaren gani kusan duka sun daina amsa ma wannan idon, sun koma ma wanda aka bari a buɗe. Daga baya suka gano abin yana da lokaci, a kyanwa yana farawa wajen sati na 4 ya yi ta raguwa har wajen ƙarshen wata na 3, babbar kyanwa kuwa ko shekara aka yi da idonta a rufe in an buɗe tana gani. Wannan aikin yana cikin abin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1981.

To me ke faruwa a ciki har ƙwaƙwalwa ke zaɓen ido? A inda ƙwayar jijiya ɗaya ke miƙa saƙo ga wata, ta farkon tana sakin wani sinadari gulutamet, ta biyun tana da 'yan ƙofofi na furotin masu karɓarsa. Cikinsu akwai wadda ake kira NMDA, ita ba ta buɗewa sai abu biyu sun haɗu, gulutamet ya iso kuma ƙwayar mai karɓa tana cikin motsin lantarki a daidai wannan lokacin, in ba haka ba akwai ɗan maganiziyam da ke toshe bakin. In ta buɗe sosai kalsiyam ya kwarara ciki da yawa sai ƙwayar ta ƙaro wasu ƙofofin masu suna AMPA ta jera a wannan mahaɗar, mahaɗar ta yi ƙarfi. In kuwa kalsiyam ɗin tsiyaye kawai yake kaɗan-kaɗan saboda saƙon bai zo daidai da motsin ƙwayar ba, sai ta riƙa janye AMPA ɗin tana mayarwa ciki, mahaɗar ta yi ta rauni har daga baya rassan jijiyar su janye. Saƙon idon dama na Auta yana zuwa a tsare yana tada ƙwayar, na hagu yana zuwa a hargitse ba ya dacewa da komai, kullum ana ƙara ma wancan ana rage ma wannan. Kamar turba biyu ne zuwa gona ɗaya, wadda ake bi tana ƙara fitowa, wadda aka daina bi damina ɗaya ciyawa ta cinye ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ita kanta ƙofar NMDA haske yana canza mata gini. A jariri mafi yawanta da wani sashe NR2B aka haɗa ta, shi yana barinta a buɗe ta ɗan jima, in an fara gani sai a riƙa musanya shi da NR2A mai saurin rufewa. A 1999 masu bincike a ɗakin gwajin Mark Bear suka nuna ɓerayen da aka rena cikin duhu wannan musanyar tana tsayawa, amma da an fito da su haske cikin awa 1 an fara ganin NR2A yana ƙaruwa a mahaɗun. Awa ɗaya fa jama'a. Wato kallon da jariri ke yi ma fuskar uwarsa yana shan nono ba zaman banza ba ne, ana ƙera furotin a ƙeyarsa saboda wannan kallon.

Sai kuma abin da ke buɗe lokacin gyaran ya rufe shi. Akwai wasu ƙwayoyin jijiya da aikinsu hanawa ne, suna sakin sinadarin GABA su tsawatar ma maƙwabtansu, musamman wasu masu ɗauke da furotin fabalbumin. Sai waɗannan sun nuna, wato sun yi ƙwari, sannan lokacin gasar idanu ke buɗewa, kuma abin da ke nunar da su har da wani furotin BDNF wanda haske ke ƙara yawansa, shi ya sa dabbar da aka rena a duhu lokacin nata yake jinkiri. Takao Hensch da abokan aikinsa a 1998 sun nuna ɓerayen da GABA ɗinsu ya yi ƙaranci ko an rufe masu ido ɗaya ƙwaƙwalwar ba ta karkata wajen idon da aka bari a buɗe, da aka sa masu diyazifam mai ƙara ƙarfin GABA sai lokacin ya buɗe. Dan girman Allah kar wani ya karanta wannan ya je kemis ya sayo ma yaro diyazifam, gwajin ɓera ne a ɗakin bincike, mun ga abin da ƙwayar nan ta yi ma matasanmu. A 1999 kuma a ɗakin Susumu Tonegawa aka yi ɓeraye masu BDNF da ya wuce ƙima tun da wuri, lokacin nasu ya buɗe da wuri ya kuma rufe da wuri. Rufewar tana da nata dalilin, yayin da yaro ke girma wata irin raga ta sukari da furotin tana naɗe waɗannan ƙwayoyin masu hanawa ta kafe mahaɗun yadda suke, masu kyau da marasa kyau duka. A 2002 a garin Pisa na Italiya aka narkar da ragar da wani sinadari a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye, sai ga shi sun koma suna karkata kamar ƙanana. Duk wannan a kyanwa da ɓera aka auna shi, a ɗan adam abin da likitoci suka gani shi ne gyara ya fi kamawa kafin shekara 7 zuwa 8, bayan nan yana yin nauyi. Shi ya sa "a bari ta girma" take ba ni tsoro, ana jiran ragar ta gama naɗewa ne ba a sani ba.

Yanzu maganin da suka ba mu. Ba su fara da rufe ido ba, tabarau kawai aka ba ta aka ce ta sa daga tashi barci har kwanciya na 'yan watanni a gani, don wasu yaran da gilashi kaɗai suke gyaruwa, binciken wata ƙungiyar likitocin idon yara ta Amurka PEDIG ya samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu irin matsalar Auta sun warke da tabarau kawai. Na yaba wannan don da kuɗi kawai suke nema da ranar farko sun ɗora mana komai. Ita ta samu ci gaba amma ta tsaya a hanya, sai aka ce a fara manne idon dama, mai lafiyar, da filasta awa 2 kullum don a tilasta ma ƙwaƙwalwa ta koma sauraron na hagu. Babansu ya ce "likita awa biyu kawai? ni na ji ana rufewa wuni guda". Ya ce "Alhaji an gwada, a 2003 ƙungiyar nan ta kwatanta awa 2 da awa 6 a yaran da nasu matsakaici ne aka samu sakamako kusan ɗaya, in bai motsa ba sai mu ƙara". Ya kuma gargaɗe mu kar mu yi gaban kanmu mu wuce abin da aka ce don idon da ake rufewa ma yana iya rauni in an yi yawa, shi ya sa duk komawa ido biyun suke aunawa.

Filastar ita ce yaƙin. Iri biyu suke sayarwa, mai mannewa a fata da ta ƙyalle wadda ake zira ma tabarau. Ta ƙyallen ta fi sauƙin kuɗi ana wankewa a sake sawa, amma yaro mai wayo zai zame gilashin kan hanci ya leƙa ta sama, na kama Auta tana yi ta karkata kai tana kallon katun da idon da aka ce an rufe, don haka ga mai shekara 4 ni ban ba da shawararta ba sai in za ki zauna a gabanta. Mai mannewar ta fi aiki nesa ba kusa ba amma ba a yi ta don zafin Katsina ba, watan Afrilu gumi ke ɗaga bakinta tun ba a yi rabin awa ba, kuma cirewa kullum ta sa fatar gefen idon ta yi ja da ƙananan ƙuraje. Sista ce ta koya mani dabara, a manna ta a bayan hannu sau ɗaya a cire don ƙarfin gam ɗin ya ragu, a sa da safe kafin rana ta yi zafi ko bayan la'asar, wajen cirewa a jiƙa da ruwan ɗumi a fara daga wajen hanci a hankali. Satin farko kuka ne da birgima, kuma tana da gaskiya, an karɓe mata idon da take gani da shi an bar ta da hazo. Abin da ya taimaka shi ne aikin hannu, tsintar wake a faranti, zira duwatsun wuya a zare, shafa kala a littafi, kuma muka daina sa mata lokacin Islamiyya tunda yara sun fara kiranta mai ido ɗaya ta dawo tana kuka. Hajiya da kanta yanzu ita ke zama da ita suna tsintar waken, tun ranar da ta raka mu ta ga yadda yarinyar ke lalube a allo ba ta ƙara cewa a bari ba.

Ga wanda filasta ta gagara akwai ɗigon atirofin da ake sa ma ido mai lafiyar ya yi dishi, binciken 2002 ya nuna yana aiki kusan daidai da rufewa a matsakaicin ciwo, amma guba ne in yaro ya sha kwalbar, kuma da ranar garin nan idon da aka buɗa baƙinsa yana shan wahala, mu dai ba mu kai gare shi ba.

Alhamdulillahi yanzu idon hagu ya sauko layuka a allon, bai kamo dama ba tukuna amma ta daina ture filastar, shigewar idon ma ta ragu sosai in tana sanye da tabarau, in an cire yana dawowa kuma likita ya ce haka ake tsammani a irin nata.

Abin da ya ɓata mani rai kuwa, na farko jira. Suna rubuta lokaci a kati amma ba sa bi, yara da tsofaffi masu yana da masu hawan jinin ido duk layi ɗaya, yaron da aka ɗiga ma magani idonsa ba ya son haske ga shi a benci ƙarƙashin rumfar kwano yana kuka, kafin a kira shi ya gaji ya ƙi ba da haɗin kai awon ya lalace. Me zai hana a ware ma yara safiya ɗaya a sati? Na biyu shagon tabarau, aikin likita daban nasu daban. Firam ɗin yara kaɗan ne, yawanci na manya ne aka ƙanƙanta, ba su zama a hancin yaranmu suna zamewa yaro ya riƙa kallo ta samansu wanda daidai yake da bai sa ba. Na farkon da aka ba mu hannunsa ya karye ba a jima ba, sai da na dage aka yo mana odar na roba mai lanƙwasa mai igiya ta baya daga Kano, shi ya kamata su ajiye tun farko. Mai shagon kuma ya so ya tura mani gilashi mai tsada wai mai kare hasken waya, na koma na tambayi likita ya ce ba ta buƙata, abin da take buƙata gilashin roba mara fashewa ne tunda ido ɗaya take dogaro da shi dole a kare shi. Ku tambayi likita kafin ku biya ƙari.

Wani abu da na ji yana faɗa ma wata mai jego a gabana ya kamata kowa ya ji, ta kawo jaririn da ke da fari a tsakiyar baƙin ido, bai karɓi kuɗin komai ba ya rubuta mata takarda zuwa babban asibiti ya ce "ƙanwata gobe-goben nan, ba sai an yi arba'in ba". Yanar da aka haifi jariri da ita in a ido ɗaya ce ana son cire ta wajen sati 6, in biyu ce ba a son a wuce kamar sati 8 zuwa 10, saboda dai wannan gasar ta ƙeya, kuma farin wani lokaci alamar kansar ido ce wadda ke kisa. Ya kuma ce ta daina sa mashi kwalli, wani kwallin da aka auna an samu dalma a ciki da yawa, dalma kuwa tana toshe ita wannan ƙofar NMDA ɗin, mu da muka san abin da gubar dalma ta yi ma ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu sa ta a idon jariri da hannunmu ba. Wanda kuma yaronsa ya wuce 7 kar ya ce shi ke nan, binciken 2005 ya samu kusan rabin yara 'yan shekara 7 zuwa 12 sun samu ci gaba da magani, a kai shi a gwada.

Ƙorafina na ƙarshe kuma wanda ya fi ci mani rai shi ne filasta mai mannewar tana yanke masu, ka zo a ce ta ƙare sai an kawo, kemis-kemis ɗin garin nan kuma ba su ajiye ta, na zagaya daga Ƙofar Kaura har Ƙofar Soro filastar ciwo kawai ake miƙo mani. Mu Allah ya rufa asiri muna da mai aiko mana daga Kano, amma matar da ke zuwa daga Daura ko Mashi ta biya kuɗin mota ta zo a ce babu, ta koma yaron ya yi sati biyu ba rufewa, ita ya za ta yi? Na faɗa ma likita baki da baki ya ce za su gyara, zuwanmu na gaba zan duba in gani ko sun ajiye kwali ko da na yaran da ke cikin rajistarsu ne.